Kayan Waje Da Masana'antunmu: Malami Ne Ko Mahauci?

Yau za mu ɗan ajiye jerin farashi mu duba maganar da ake yawan ja a kanta a shagunan Ƙofar Kwaya, watau ko kayan waje gyara masana'antunmu suke yi ko kuwa kashe su. Mu dai a ganinmu kayan waje iri uku ne: akwai inji, akwai ɗanyen kaya, akwai kuma gamammen kaya wanda sai a saye a yi amfani da shi. Kowanne da irin aikinsa.

Mu fara da shinkafa. A da, ta gida tsakuwa ce ke kashe mata kasuwa. Da ta Tailan da ta Indiya suka shigo ta Maraɗi da Jibiya, wankakkiya, ba dutse ba ƙaiƙayi, sai idon mai saye ya buɗe, ya daina yarda da ko wace iri. A 2015 Babban Banki ya hana dala ga masu shigo da shinkafa, a Agusta 2019 kuma aka rufe kan iyaka har zuwa Disamba 2020. To, a wannan tsakani masu casa suka ga kasuwa ta zama tasu, amma fa mai saye ya riga ya saba da mai kyau. Dole suka sayo injin fid da tsakuwa da na turare da na zaɓen ƙwaya, yawanci daga Indiya da Sin. Umza a Kano, Labana a Birnin Kebbi, duk ta wannan hanya suka bi. Ka ga ke nan ta waje ta zama malama, injin waje ya zama allo.

Atamfa kuwa labarinta daban. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, ta Funtuwa ta biyo baya, audugarmu ta ƙasar Katsina ita ke ciyar da su. Bayan karyewar naira a 1986, sayo sabon inji da kayan gyara ya gagara, ga wuta ba ta tsayawa, ga baƙin mai ya yi tsada. A haka atamfar Sin ta malalo Kantin Kwari da araha, ta tarar da masaƙu da tsofaffin injuna. Ta Kaduna ta rufe a 2002, UNTL ta bi sahu a 2007. Wanda ba shi da ƙarfin koyo, malami yanka shi yake yi.

Ga kuma ma'aikatar mulmula ƙarfe ta nan Katsina, wadda kamfanin Kobe na Jafan ya gina, aka buɗe a 1982 don yin rodi da waya. Inji ya zo lafiya lau, amma sandunan ƙarfen da za ta murza daga Alaja ake jiransu, can kusa da Warri, ba su kuwa zuwa yadda ya kamata. Sai aiki ya riƙa tafiyar hawainiya har aka sayar da ita ga kamfanin Dana. Inji ba ɗanyen kaya, tukunya ce ba tsaba.

Saboda haka, 'yan'uwa, in kaya na gida ya zo hannunku da aibi, kada ku yi shiru ku koma na waje kawai. Ku ajiye su gefe da gefe, ku nuna wa wakilin kamfani inda nasa ya gaza: launi ne ke zuba, ko buhu bai cika ba, ko rodi ne ke karyewa wajen lanƙwasa. Dillali shi ne kunnen masana'anta. Ranar da ta rufe kuwa, ma'aikatanta da manoman da ke kai mata kaya, waɗanda su ne masu sayenmu, su ma sun bar kasuwa.