Sagewar hannu da dare: Yaushe ƙwaya ke kasawa, sai tiyata?

Akwai wata dattijuwa mai sana'ar ɗinki da ta yi kusan shekara biyu tana zuwa kantinmu sayen diklofenak da bitamin B. Kullum maganarta ɗaya ce: “'Yata, ba ni maganin sanyin nan, hannun ya hana ni barci.” Wata rana na miƙa mata ledar magani, sai ta suɓuce mata ta faɗi ƙasa. Na riƙe tafin hannunta na dama na kwatanta da na hagu, sai na ga tudun naman da ke gindin babban yatsa ya lotsa. Na ce, “Mama, wannan ya fi ƙarfin ƙwaya, sai kin ga likitan ƙashi.”

Gwajin da aka yi mata ya nuna jijiyar wuyan hannunta ce ta matse, aka yi mata aiki. Cikin 'yan kwanaki barci ya dawo. Amma har yau, zura zare a allura sai jikarta ta taimaka mata, saboda jijiyar ta daɗe a matse kafin a sake ta.

Me ke faruwa a wuyan hannu?

A wuyan hannu, ta ɓangaren tafi, akwai wata ƙaramar hanya kamar kwalbati. Ƙananan ƙasusuwa ne suka yi mata ƙasa da gefe, wata tantani mai tauri kuma ta rufe samanta. Ta cikinta ne igiyoyin nama guda 9 masu lanƙwasa yatsu suke wucewa, tare da jijiya ɗaya mai kai saƙon ji. Hanyar ba ta buɗawa, don haka da zarar wani abu ya kumbura a ciki, jijiyar ce ke shan matsi. Wannan shi ne ciwon da likitoci ke kira kafal tonel.

Jijiyar tana kula da babban yatsa, da manuni, da na tsakiya, da rabin yatsan zobe. A nan ne ake jin sagewa, da zugi, ko wani abu kamar kiyashi na yawo. Ƙaramin yatsa ba ya ciki. Abin ya fi tashi da dare, domin yawancinmu muna barci da wuyan hannu a lanƙwashe, sai mutum ya farka yana yarfa hannu kafin ya ji sauƙi. Idan ya yi nisa, ɓalle maɓallin riga, riƙe kofin shayi ko ƙirga kuɗi duk sai su zama aiki.

Mata sun fi maza kamuwa da shi. Juna biyu, ciwon suga, ƙiba, amosanin gaɓɓai, raguwar aikin ƙululun tayirod da ke wuya, da tsohuwar karaya a wuyan hannu duk suna ƙara haɗarinsa. Haka nan aikin da ake maimaitawa da ƙarfi, ko riƙe injin da ke jijjiga hannu.

Akwai gwaji mai sauƙi da ke ɗauke da sunan Dokta George Phalen, likitan Amurka da ya wallafa bayanin hannaye 654 masu wannan ciwo a 1966. A haɗa bayan hannaye biyu, yatsu na kallon ƙasa, a tsaya haka minti ɗaya. Idan sagewar ta taso, alama ce da ya kamata a kai wa likita. Shi zai duba, wani lokaci kuma ya tura a auna saurin tafiyar saƙo a jijiyar da na'ura.

A kula: idan hannu ya mutu farat ɗaya, tare da karkacewar baki, ko sarƙewar magana, ko raunin ƙafa, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce. A tafi asibiti nan take.

Abin da magani zai iya, da wanda ba zai iya ba

Diklofenak da ibufirofen suna iya rage zugi na ɗan lokaci, amma ba sa faɗaɗa hanyar da ta matse. Shan su na watanni yana jawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda, yana kuma ɗaga hawan jini. Mai juna biyu kada ta sha su sai da izinin likita, musamman a watannin ƙarshe. Bitamin B6 da ake yawan saya da sunan maganin jijiya, idan aka daɗe ana shan sa da yawa, shi kansa yana lalata jijiya. Tiramadol kuwa rufe ciwon yake yi, ya bar mutum da jaraba.

Abin da ke taimakawa a farkon ciwon shi ne ɗamarar wuyan hannu mai sanda a ciki, wadda ke riƙe shi a miƙe. Ana sa ta da dare, mako 4 zuwa 6, a ga yadda za ta yi. Likita na iya yin allurar sitiroyid a cikin hanyar don rage kumburi. Tana ba da sauƙi na makonni ko watanni, amma sau da yawa ciwon yakan dawo, kuma takan ɗaga sugan mai ciwon suga na 'yan kwanaki. Wanda ya zo da juna biyu yawanci yana lafawa bayan haihuwa.

Mai ciwon suga da ya daɗe yana shan metfomin ya gaya wa likita, domin maganin na iya rage bitamin B12, kuma rashinsa ma yana kawo sagewar hannu da ƙafa.

Yaushe ake maganar tiyata?

Idan an gwada ɗamara da allura ba a dace ba, ko sagewar ta zama ta kullum dare da rana, ko babban yatsa ya yi rauni, ko naman gindinsa ya fara lotsawa, to lokacin aiki ya yi.

Mutane da dama suna jin an ce tiyata sai gabansu ya faɗi. Wannan ƙaramin aiki ne. Yawanci ba a sa mutum barci, allurar kashe zafi ake yi a tafin hannu. Likita zai tsaga wuri kamar santimita 2 zuwa 4, ya yanke tantanin nan da ya rufe hanyar, jijiyar ta samu sarari. Bai cika kai rabin awa ba, kuma a ranar ake komawa gida. Akwai kuma wanda ake yi da ƙaramar kyamara. Masu shi kan ɗan riga komawa aiki, amma idan aka daɗe sakamakon kusan ɗaya ne.

Likitocin ƙashi, da na gyaran fata da gaɓɓai, da na jijiya ne ke yin sa. Ana iya neman su a asibitocin ƙashi na ƙasa da ke Igbobi a Legas, da Dala a Kano, da Inugu, da kuma asibitocin koyarwa na jami'o'i.

Me za a sa rai bayan aiki?

Mafi yawan waɗanda aka yi wa suna samun sauƙi sosai, amma ba komai ke dawowa lokaci ɗaya ba. Zugin dare ne ke fara tafiya, sau da yawa cikin kwanaki. Ana cire zaren ɗinki bayan kwana 10 zuwa 14. Aiki marar nauyi kan yiwu bayan mako ɗaya ko biyu, amma daka, wanki, ɗaukar jarka ko tuƙa babur sai an yi haƙurin mako 4 zuwa 6, ko fiye. Ƙarfin damƙa kan ɗauki kamar wata 3 kafin ya koma daidai, kuma gindin tafin hannu na iya yin ciwo idan an dafa shi har na wasu watanni.

Jin taɓawa ne ya fi jinkiri. Jijiyar da ta lalace tana tohowa ne da kamar milimita ɗaya a rana, kuma wadda ta shekara da shekaru a matse ba lallai ta farfaɗo gaba ɗaya ba. Naman da ya lotsa ma bai cika cikowa ba. Duk da haka aikin na da amfani ko a wannan mataki, don yana rage zugi, yana hana abin ƙara taɓarɓarewa. Matsaloli kamar ruɓewar rauni, taɓa jijiya ko dawowar ciwon suna faruwa, sai dai ba su da yawa.

Idan kuwa ƙaramin yatsa da rabin na zobe ne ke sagewa, to a duba gwiwar hannu. Wata jijiya ce daban ke wucewa ta bayanta, wadda idan aka buge ta ake jin kamar lantarki. Dogara gwiwar hannu a kan tebur da daɗewa a waya suna tsananta ta. Ita ma ana yi mata aiki, amma warkewarta ta fi jinkiri.

Shawarar kemis kafin aiki da bayansa

A kai wa likita duk abin da ake sha, har da na gargajiya. Mai shan asfirin, wafarin ko wani maganin tsinka jini kada ya daina da kansa, likita ne zai faɗa. Mai ciwon suga ya daidaita sugansa, mai shan taba ya daina, don su biyun suna jinkirta warkewar rauni.

Bayan aiki, farasitamol kan wadatar da yawancin mutane. Babba kada ya wuce giram 4 a rana, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, kuma a duba kada maganin mura da ake sha ya ƙunshi farasitamol. A riƙa ɗaga hannun sama da ƙirji a kwanakin farko, a motsa yatsu, a hana bandejin jiƙewa. Kada a shafa man zafi ko wani haɗi a kan raunin. Zazzaɓi, mugunya, ja mai yaɗuwa ko kumburin da ke ƙaruwa, dalili ne na komawa asibiti a ranar.

Duk wanda hannunsa ya yi makonni yana tashinsa daga barci, ya buɗe tafukansa biyu yau ya kwatanta gindin manyan yatsun. Ko bai ga bambanci ba, ya nemi ganin likita kafin ya sake sayen wani katin ƙwaya.