Ƙara Wa Akori-kura Ƙarfi: Kada Garin Neman Gira A Rasa Ido

Tun shekarar 2015 da gwamnatin Gana ta cire hannunta daga ƙayyade farashin mai, sau biyu a wata ake duba kuɗin dizal. Mu samarin zango na Kumasi da ke neman abinci da akori-kura, masu ɗauko doya daga Techiman da masu jigilar albasa da siminti cikin gari, mun fi kowa jin abin a jika, domin abin da ya rage bayan an sha mai an sallami mai mota shi ne na cefane. Shi ya sa 'yan'uwanmu ke tururuwa zuwa Suame Magazine, kowa na neman gyaran da zai ƙara wa motarsa ƙarfi, ya kuma rage mata shan mai.

Gyaran da ya fi yawa shi ne buɗe famfon injekta na tsofaffin Hilux masu inji 3L ko 5L. Waɗannan injuna ba su da turbo, iskar da suke shaƙa ba ta ƙaruwa. Idan aka ƙara musu mai, mota za ta ɗan ja a hawa, amma baƙin hayaƙin da ke fita ta salansa man da bai ƙone ba ne, wato kuɗinka ne ke tashi sama. Bugu da ƙari, zafi na yin yawa har kan inji ya tsage.

Masu sababbin Hilux na D-4D, waɗanda kwamfuta ke raba wa mai, su ne ke iya samun ƙarin ƙarfi na gaskiya idan ƙwararre ya sake saitin kwamfutar, domin turbo na iya ƙaro iska. Sai dai kuloci da giya ne ke ɗaukar wannan nauyi, kuma direban da ya ji ƙarfi ya riƙa taka totur ba zai ga rangwame a gidan mai ba.

Akwai kuma maganaɗisun da ake ɗaurawa a bututun mai. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada irin waɗannan na'urori fiye da 100, ba ta sami ko ɗaya da ya rage shan mai yadda za a yi a zo a gani ba. Manyan tayoyi kuwa suna ƙawata mota, amma nauyinsu na cin mai. Ita ma buɗaɗɗiyar filtar iska ta 'yan tsere, ƙurar hunturu kawai take shigar wa inji.

To, ina mafita? Tana cikin ƙananan abubuwan da muke rainawa: canza filtar iska da ta mai a kan kari, kai nozul a gwada, cika iskar taya daidai da lodi, da mayar da tamostat ɗin da wasu kanikawa ke cirewa, domin injin da bai ɗauki zafinsa ba ya fi shan mai.

Kafin ka biya ko sidi ɗaya, cika tanki, rubuta kilomita, yi aikinka na mako guda, sake cikawa ka lissafa. Bayan gyara ka maimaita a hanya ɗaya da lodi ɗaya. Muna kira ga shugabannin samari na Sabon Zango da Aboabo su koya wa sababbin direbobi wannan lissafi, musamman waɗanda ke biyan bashin mota.