Mai Haɗa Labari da Kiɗa da Rawa: Sana'ar da Kayan Aikinta Ke Jibge a Zamfara

Zamfara ba ta taɓa talaucin makaɗa ba. Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, ɗan Rawayya ne ta ƙasar Bunguɗu. Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru sun ɗaga sunan yankin Maradun, Sani Sabulu ya fito daga Kanoma, Sani Ɗan Indo kuwa da Gusau aka san shi. Wanda ya yi ƙaranci shi ne mutumin da zai ɗauko labari, ya saƙa masa waƙa da rawa, ya tsara mutum ashirin ko talatin su fito dandali su zama baki ɗaya. Wannan shi ne aikin mai ba da umarni da mai tsara rawa, kuma sau da yawa mutum ɗaya ne ke riƙe da duka biyun.

Kada a ɗauka baƙon abu ne. Idan azumi ya kwana goma, yaran Gusau da Tsafe kan fito tashe: wani ya manna gemun auduga, ya cusa tsumma a riga, ya dogara sanda yana tafiyar tsoho, sauran suna amshi suna kaɗa gwangwani. Ga labari, ga shiga, ga waƙa, ga taku. A gaɗa kuwa, 'yan mata kan yi rabin da'ira, ɗaya ta saki jiki ta faɗo da baya, sauran su cafe ta daidai kan tafi. Ba a yin haka sai da lissafi da yarda da juna. Kalankuwa ma, wadda samari kan yi bayan kaka suna kwaikwayon masu mulki, tana da mai raba wa kowa matsayinsa.

Babban darasin yana cikin ƙungiyar makaɗan fada. Ɗanƙwairo ya daɗe yana Daudun kiɗi a ƙarƙashin yayansa Abdu Kurna kafin ya ja tasa ƙungiyar. Mai sauraron waƙoƙinsa zai ji yadda yakan fara ɗan waƙa ya sake shi, 'yan amshi su karɓe su ƙarasa, kotso na biye, ba mai taka wani. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi shekaru yana nazarin wannan tsari a Jami'ar Bayero. Jagora ba ya cinye fage shi kaɗai, ya san inda zai yi shiru. Haka ake son mai ba da umarni.

Yaya aikin yake a zahiri? Da farko yakan zauna da marubuci da mawaƙi su tantance inda magana za ta tsaya waƙa ta karɓa. Ƙa'idar ita ce, waƙar da za a cire labari bai girgiza ba, ba ta da gurbi. A ce wasan kan rikicin gona da burtali ne: maimakon dogon musu, sai manoma su shigo ta dama da takun noma, makiyaya ta hagu da sanduna a kafaɗa, kiɗa biyu su yi ta gogayya har su haɗu a amo guda. Mai kallo ya fahimci sulhu tun ba a furta shi ba.

Daga nan sai gwaji. Yakan shata ƙasa da toka ko alli don kowa ya san mazauninsa. Yakan raba rawa gaɓa-gaɓa, a maimaita ba kiɗa, sannan mai kalangu ya shigo a hankali. Su biyun sai sun yi yarjejeniya kan bugun da ke nufin juyawa da wanda ke nufin tsayawa. Idan ƙafar mutum ɗaya ta makara, a koma farko. Ban da wannan, shi ne mai sasanta wanda ya yi fushi don an ba shi ƙaramin matsayi, shi ne mai neman kuɗin ɗinki da na mota. Haƙuri ya fi gwanintar rawa amfani a nan.

Mai son koyo yana da hanya biyu, kuma gara ya haɗa su. Akwai zama ƙarƙashin gwani a ƙungiyar wasan kwaikwayo ko ta makaɗa, akwai kuma karatu. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya na da sashen wannan fanni, wanda tun shekarun 1970 ya shahara da fita ƙauyuka ana ƙirƙirar wasa tare da manoma kan matsalolinsu. A wasu wurare sana'ar ta riga ta kafu. Hubert Ogunde ya fara haɗa wasa da waƙa a Legas tun 1944, kuma a 2009 Bill T. Jones ya ba da umarni ya kuma tsara rawar wasan da aka yi kan rayuwar mawaƙi Fela a birnin New York na Amurka.

Ƙalubale kam akwai shi. Tun da aka fara aiki da Shari'a a jihar Zamfara a shekarar 2000, cakuɗa maza da mata a fagen rawa abu ne da jama'a ba su lamunta. Mai basira ba ya jayayya da wannan: yakan yi aiki da ƙungiyar maza zalla, ko ya bar wa mace 'yar'uwarsa a sana'a ta shirya na mata a makarantunsu. Matsalar 'yan bindiga kuma ta rage taron dare a ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu, don haka wasa ya fi yiwuwa da rana, a zauren makaranta. Kuɗin shiga ma ba a bakin ƙofa yake ba tukuna. Ya fi fitowa daga bukukuwan makarantu, wasannin wayar da kai kan lafiya da karatun yara, bikin al'adu na ƙasa da jihohi ke tura tawaga, da masana'antar finafinan Hausa.

Saboda haka, shugaban makarantar da ya ga ɗalibin da kullum shi ke tsara 'yan'uwansa a tashe, ya ba shi aji ɗaya da mai kiɗa ɗaya ya shirya wasan ƙarshen zango. Iyaye kuma su bincika kafin su kira abin shashanci. Yaron da ya iya sa mutum talatin su ɗaga ƙafa lokaci guda ya koyi shugabanci, ko da daga baya wata sana'ar ya kama.