Kula da fata, gashi da kwalliya: Kada garin neman gira a rasa ido

Duk wanda ya ratsa layin masu kayan kwalliya a Kasuwar Wuse da ke Abuja, ko Sabon Gari a Kano, zai ga kwalabe da robobi jere tun daga ƙasa har rufi, kowanne ɗauke da alƙawarinsa. Wannan zai goge tabo cikin mako guda, wancan zai haskaka fata kafin ranar biki, wani kuma zai tsirar da gashi har gadon baya. Mace takan shiga da kuɗin da ta daɗe tana tarawa, ta fito da leda cike, bayan wata uku kuma ta dawo neman maganin ɓarnar da sayayyar farko ta jawo.

Jikin ɗan Adam ba ya aiki da irin wannan gaggawa. Fatar baligi tana ɗaukar kimanin mako huɗu kafin ta sabunta samanta, gashi kuwa tsawon da yake ƙarawa a wata bai wuce kusan santimita ɗaya ba. Saboda haka duk man da ya sauya launin mutum cikin kwana bakwai, akwai abin tambaya game da abin da aka zuba a cikinsa. Gyaran jiki mai ɗorewa ƙananan abubuwa ne masu araha da ake maimaitawa kullum.

Abubuwa uku da fata ke buƙata

Na farko shi ne wanki. Wanke fuska sau biyu a rana, safe da dare, da sabulu marar zafi ya wadatar. Ruwan wanka ya kasance mai ɗumi, kada ya yi zafi sosai, kuma kada wankan ya wuce minti goma, domin ruwan zafi yana narkar da maiƙon da fata ke kare kanta da shi. Dirzar fuska da soso mai kaushi ba ya fitar da ƙuraje. Fusata su yake yi, su warke su bar baƙin tabo. Sabulun salo yana wanke jiki tas, amma yana da ƙarfi, don haka mai busasshiyar fata ta taƙaita amfani da shi a fuska.

Na biyu shi ne shafa mai, kuma lokacinsa yana da muhimmanci. A shafa da zarar an fito daga wanka, jiki da sauran danshi, domin aikin mai shi ne ya riƙe ruwan da ke cikin fata kada ya tsere. A nan ba sai an nemi na ƙetare ba. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen samar da ƙwarar kaɗanya, kuma man kaɗanya tsantsa, wanda kakanninmu suka yi amfani da shi, yana cikin mafi dacewa ga gwiwa, gwiwar hannu, leɓe da dunduniya. Basilin ma haka. Sai dai mai fuska mai yawan maiƙo ta nemi mai marar nauyi, domin man kwakwa da makamantansa suna iya toshe ƙofofin fata su haifar da ƙuraje.

Na uku shi ne kariya daga rana. Da yawa suna ganin baƙar fata ba ta buƙatar haka. Gaskiya ne sinadarin da ke ba fatarmu launi yana ba ta wata kariya, amma rana ce ke ƙara wa tabon ƙuraje duhu har ya ƙi tafiya. Man kare rana mai lambar SPF 30 ko sama da haka, tare da lema ko inuwa a tsakar rana, ya fi duk wani man goge tabo da za a saya daga baya.

Yanayi ma yana da nasa hukuncin. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iska tana bushewa, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso. A lokacin ana buƙatar mai mai kauri, da sake shafawa a hannu da ƙafa bayan alwala ko wanke-wanke. Mai faso ta jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi da dare, ta goge kaushin a hankali da dutse, ta shafa basilin ta sa safa. Da bazara kuwa, lokacin gumi da ƙurajen zafi, sai a rage kaurin man.

Tarkon bilicin

Babbar barazana ga fata a ƙasar nan ita ce man sauya launi. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa sun nuna kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da kayan haskaka fata, kuma a 2023 Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, NAFDAC, ta bayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa.

Sinadarai uku ne aka fi samu a irin waɗannan mayuka. Akwai zaiba, wadda ke ratsa fata ta taru a jiki ta lalata ƙoda da jijiyoyi, har ta iya kaiwa ga ɗan da ke ciki. Akwai haidirokwinon, wanda idan aka daɗe ana shafa shi yakan juya ya bar baƙin tabo a kumatu da goshi mai wuyar magani. Akwai kuma sitiroyid, maganin da likita ke rubutawa na ɗan lokaci, amma ake kwaɓa shi cikin man shafawa. Shi ne ke sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana, ya jawo nankarwa da ƙuraje, ciwo ya riƙa daɗewa bai warke ba.

Mafi haɗari shi ne “haɗin” da ake sayarwa a roba ba suna, ba jerin sinadarai, ba lambar rajista, wani lokaci ma da sunan “na gargajiya”. Wadda ta daɗe tana shafa irinsa ta nemi likitan fata ya tsara mata yadda za ta daina, domin yanke sitiroyid farat ɗaya yakan sa fata ta yi bore.

Gashi ya fi son a sassauta masa

Zubar gashi 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Abin lura shi ne idan gashin gaban goshi da gefen kunne ya fara janyewa. Sau da yawa kitso mai tsauri ne sanadi, musamman ƙanana da ake ƙara wa gashin kanti mai nauyi. Kitson da ya hana barci, ko ya tayar da ƙananan ƙuraje a bakin goshi, ya yi tsauri, kuma ba rashin kunya ba ne a ce wa mai kitso ta sassauta hannu. Idan aka dage shekara da shekaru, saiwar gashin tana mutuwa, babu man da zai dawo da ita. Yara mata sun fi kowa buƙatar wannan sassauci.

Wanke kai sau ɗaya a mako ko mako biyu ya isa. A taje gashi yana da danshi, da mataji mai manyan haƙora, a fara daga baki a gangara zuwa tushe. Kada a ɗaura ɗankwali ko hula a kan jiƙaƙƙen gashi, domin danshin da aka rufe yana jawo wari da ƙaiƙayi. Mai amosanin kai ta sani cewa lafta mai a fatar kai ba ya kashe shi. Sabulun wanke kai na magani ne ke yi. Mai shafa man sakin gashi kuma ta bar aƙalla mako takwas tsakani, ta shafa wa sabon tsiro kawai.

Kwalliya: a san abin da ake kaiwa ido

Ƙa’idar kwalliya ta farko ita ce kada a kwana da ita. Hoda, janbaki da jagira duk a goge su kafin barci. Burushi da soson hoda a wanke su duk mako. Maskara kada ta wuce wata uku da buɗewa. Aron kayan ido kuwa, wanda ya zama ruwan dare a gidan biki, hanya ce ta yaɗa ciwon ido daga fuska zuwa fuska.

Kwalli na da dogon tarihi a wurinmu, amma wanda ake niƙawa daga dutse mai ƙyalli yawanci dalma ce a cikinsa. A 2012 Cibiyar Daƙile Cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a birnin Boston da aka samu dalma ta yi yawa a jininsa; da aka auna kwallin da ake sa masa, kashi 82.6 cikin 100 dalma ce. Wanda ya tuna yara sama da 400 da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010, sanadin sarrafa duwatsun zinare, ya san abin da wannan guba ke yi wa ƙananan yara. Jariri yana murza ido ya kai hannu baki, don haka barin sa masa kwalli shi ne mafi aminci.

Jan lalle na ganye ba ya cutar da yawancin mutane. Baƙin da ke kamawa cikin mintuna kuwa galibi ana haɗa shi da sinadarin rinin gashi mai suna PPD, wanda kan sa fata ta kumbura ta yi ƙuna, zanen ya koma tabo. Amarya ta gwada shi, da duk wani sabon mai ko haɗin dilka, a ɗan wuri a cikin hannu, ta jira kwana biyu ta ga yadda fata za ta karɓa.

Idan ƙuraje suka ƙi ji bayan wata biyu zuwa uku na kulawa, ko gashi na zuba wuri-wuri, ko wani tabo na girma yana sauya kama, asibiti ya kamata a nufa maimakon komawa kasuwa. In ba haka ba, sabulu mai laushi, man kaɗanya, inuwa, wadataccen barci da haƙuri sun isa jari. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, kuma fata ɗaya ce Allah Ya ba kowa, da ita za a tsufa.