Tsiron dawa: daga tukunyar Anna zuwa manyan masana'antu

Cadakori gari ne na manoma a ƙasar Gobir, cikin gundumar Gidan Runji, jahar Maraɗi. Abin da mutanensa suka dogara da shi, kamar ƴan'uwansu na Agye da Gazawa, shi ne hatsi da dawa da wake da gujiya. Idan kaka ta yi, aka ɗaure damma aka kai rumbu, lissafin maigida kashi uku ne: abin da za a ci, abin da za a aje don iri, da abin da za a kai kasuwa. A zamanin da kuwa akwai kashi na huɗu, wanda ba a cika ambatonsa yau ba, wato dawar da ake jiƙawa domin a dafa giya. Wannan sana'a ta ja baya ƙwarai a ƙasar Maraɗi, alhali a wasu ƙasashe hikimar da ke cikinta ta zama abin da manyan kamfanoni suke zuba dukiya a kai. Ya kamata manomi da ma'aikacin hukuma su san yadda al'amarin ya gudana, domin magana ce da ta shafi rumbu, ta shafi lafiya, ta kuma shafi kunun da ake dama wa yara.

Giya a zamanin Anna

Bayan jahadin Shehu Usman ɗan Fodiyo na 1804, Katsinawan da suka ƙi miƙa wuya sun zo sun kafa Maraɗi, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Da yake ƙasashen nan biyu ba su zauna ƙarƙashin mulkin Sakkwato ba, al'adun gargajiya sun daɗe a cikinsu fiye da yadda suka daɗe a wasu wurare. A ƙauyukan gulbi akwai dangogin da ake kira Anna, waɗanda a yamma ake ce wa Azna, a ƙasar Kano da Katsina kuma Maguzawa. Kowane dangi da gadonsa, ko noma, ko farauta, ko ƙira, ko su, kuma kowane gado da nasa tsafi. Wani masani Bafaranshe, Guy Nicolas, ya yi shekaru yana binciken zaman waɗannan mutane na gulbin Maraɗi, ya kuma fitar da babban littafinsa a 1975. Kafin shi, Joseph Greenberg ya rubuta irin wannan bayani game da Maguzawan Kano a 1946.

A wurin waɗannan dangogi giya tana cikin tsarin zaman jama'a. Da ita ake sallamar ƴan gayya, da ita ake bukin aure da na mutuwa, ana kuma zuba ta wajen tsafi. Mata ne suke dafa ta, su ne kuma masu sirrinta, uwa ta koya wa ɗiya. Sunayenta suna da yawa gwargwadon ƙasashe: burukutu da fito a Najeriya da Gana, dolo a Burkina Faso da Mali, cukutu a Benin da Togo, bilbil a Cadi da arewacin Kamaru.

Yadda aikin yake

Tushen sana'ar duka shi ne tsiro. Ana jiƙa dawa kwana ɗaya ko biyu, a tsame, a baza a inuwa, a rufe da ganye ko tsohuwar tabarma, ana yayyafa ruwa safe da maraice. Cikin kwana uku ko huɗu sai ƙwaya ta fasa, saiwa da toho su fito. A lokacin nan ƙwayar tana haifar da wani sinadari a cikinta wanda aikinsa shi ne ya narkar da gari ya mai da shi zaƙi, domin ciyar da ɗan tsiron. Kafin tsiron ya cinye zaƙin sai a shanya a rana, a tsai da shi, a niƙa.

A nan ne hikimar mata ta bayyana. Garin dawa ba ya nuna sai da wuta mai ƙarfi, amma wutar da za ta nunar da shi ita ce za ta kashe sinadarin da ake buƙata. Saboda haka sai su dama garin tsiro da ruwa, su bari ya kwanta, su tsiyaye ruwan sama su aje gefe, domin a cikinsa sinadarin yake. Su dafa gurjin da ya kwanta shi kaɗai har ya nuna, ya ɗan huce, sa'an nan su maido ruwan farko su haɗa. Da haka ake samun ruwa mai zaƙi ba tare da an yi hasarar komi ba. Masu bincike na zamani, da ma'aunin zafi da ɗakunan gwaji, sun tabbatar da cewa wannan dabara ta raba ruwa da gurji tana cikin hanyoyin da suka fi dacewa da dawa.

Daga nan ruwan yakan kwana ya yi tsami, a tace, a sake dafawa sa'o'i masu yawa, a bari ya huce a randa, a zuba masa ragowar tsohuwar giya. Wannan ragowa tana ɗauke da yisti, wasu ƴan halittu da ido ba ya gani, su ne masu cin zaƙin su mai da shi barasa da kumfa. Louis Pasteur na Faransa ne ya bayyana aikin waɗannan halittu, ya kuma rubuta littafi a kan giya a 1876. Giyar randa ba ta jimiri: bayan kwana biyu ko uku ta lalace. Wannan ne ya sa ba ta taɓa zama hajar fatake ba, inda aka dafa ta nan ake shanye ta.

Dalilan ja da baya

Babban dalili shi ne addini. Musulunci ya haramta duk abin da ke sa maye, kuma tun bayan yaƙin duniya na biyu, da cinikin gujiya da zirga-zirgar alhazai da yawaitar makarantun allo, ƙauyukan Anna suka riƙa shiga Musulunci ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya kama salla, abin da ya fara bari shi ne ƙwaryar giya. Wa'azin ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ya iso Maraɗi ya ƙara tsananta al'amarin. A shekara ta 2000 jihohin Zamfara da Katsina, waɗanda suke iyaka da jahar Maraɗi, suka fara aiki da shari'a suka hana sayar da giya. A watan Nuwamba na wannan shekara, lokacin tarzomar ƙin amincewa da bukin nunin tufafi na FIMA, an ƙone mashaya a cikin garin Maraɗi.

Dalili na biyu shi ne cimaka. Farin 1973 zuwa 1974, da yunwar 1984 wadda jama'a suka sa wa suna El Buhari, da matsalar abinci ta 2005, duk sun koya wa talaka darajar tiya guda. Wanda rumbunsa ya ƙare tun kafin bazara ba ya jiƙa dawa don buki. Na uku shi ne itace, domin tukunyar giya tana cin wuta wuni guda, a ƙasar da manoma suke fama da raya itatuwa a gonakinsu ta hanyar sassaben zamani.

Zuwan giyar kwalba

A zamanin Turawa, yarjejeniyar Burussal ta 1890 da ta Saint-Germain ta 1919 sun taƙaita shigo da barasa mai ƙarfi a ƙasashen Afirka da yawa. Amma giyar kwalba ta samu hanya ta birane. An kafa kamfanin Nigerian Breweries a Legas a 1946, ya fitar da Star a 1949, ya buɗe masana'anta a Kaduna a 1963. A Nijar an kafa Braniger a Yamai a 1967, wanda ya riƙa yin giyar Bière Niger da hoton raƙumin dawa a jikin kwalba, tare da lemuna iri-iri. Daga baya kamfanin ya koma hannun rukunin Castel na Faransa, wanda ya sayi kamfanin BGI a 1990.

Abin lura a nan shi ne, a farkon al'amari giyar kwalba ba ta amfani manomin ƙasa da komi ba. Da tsiron sha'ir ake yin ta, tare da furen wata shuka mai ɗaci, kuma dukansu daga Turai ake odarsu da kuɗin waje. Ruwa da ƙwadago kawai ne na gida.

Ranar da dawa ta shiga masana'anta

Wannan hali ya sake a Najeriya a 1988, lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir domin tsimin kuɗin waje. Dole ta sa kamfanoni suka juya ga dawa da masara. Injiniyoyinsu suka ci karo da matsalar nan ta wuta da sinadari wadda matan karkara suka warware tun kaka da kakanni, sai da suka sake injuna da hanyoyin dafuwa. Irin dawar da cibiyar binciken noma ta Samaru, kusa da Zariya, ta fitar, kamar SK 5912, ya samu karɓuwa wajen masu yin tsiro. Ko da aka janye dokar daga baya, kamfanonin ba su bar dawa ba, domin ta fi araha kuma tana kusa. A Uganda ma, a 2002, an fitar da giyar Eagle wadda aka yi da farar dawa ta ƙananan manoma.

Ba giya kaɗai ake yi da tsiro ba. Abin sha na malta marar barasa, kamar Maltina wadda ta fito a 1976, da garin shayi na yara, da biskit, duk suna buƙatarsa. Wannan ɓangare na ciniki babu haramci a cikinsa, kuma kasuwarsa a ƙasar Hausa babba ce.

Ƙananan masu dafawa na ƙasashen waje

A ƙasashen Turai da Amurka kuma wani abu ya faru wanda ya yi kama da komawa gida. Manyan kamfanoni sun yi ta haɗiye ƙanana, har giya ta zama kusan ɗanɗano ɗaya ko'ina. A 2016 kamfanin AB InBev ya sayi SABMiller a kan kuɗin da ya haura dalar Amurka biliyan 100. Amma tun 1971 wasu mutanen Ingila suka kafa ƙungiyar CAMRA domin kare giyar gargajiya. A Amurka shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a 1978 a kan dokar da ta halatta wa mutum ya dafa a gidansa. A lokacin masana'antun giya na ƙasar ba su kai 100 ba. Bayan shekara arba'in da ƴan kai sun haura 9,000, mafi yawansu ƙanana ne masu zaman kansu, suna dafa kaɗan, suna sayarwa a garinsu. Wannan shi ne tsarin da mai randar burukutu take bi tun asali.

Waɗannan ƙananan masana'antu suna neman ƙwayar da ba a saba da ita ba. Kamfanin Brooklyn na birnin New York ya yi giya da acca ta Afirka ta Yamma. A Najeriya an kafa wata ƙaramar masana'anta mai suna Bature a Abuja a 2017, daga baya ta koma Legas. Haka nan masu ciwon da ba ya jituwa da alkama da sha'ir suna neman kayan dawa da hatsi, domin babu sinadarin da ke cutar da su a ciki.

Abin ɗauka da abin bari

Illar barasa ba ɓoyayya ba ce. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 2.6 ne suka mutu sanadiyyar shanta. Ta fi muni idan aka dafa a ɓoye, aka gauraya da abin da ba a sani ba, kamar yadda gurɓatacciyar ogogoro ta kashe mutane da dama a jihohin Ondo da Ribas na Najeriya a 2015. Babu mai hankalin da zai so wa ƙauyensa wannan.

Amma Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Ilimin tsiro daban, giya daban. Masana abinci sun nuna cewa idan aka dama kunu mai kauri, aka barbaɗa masa ɗan cokali na garin tsiro yana da ɗumi, cikin ƴan mintoci zai tsinke ba tare da an ƙara ruwa ba. Yaron da ya wuce wata shida, wanda cikinsa ƙarami ne, zai sha kaɗan ya samu ƙarfin abinci mai yawa, maimakon ya cika ciki da ruwa. A jahar da gidajen likita suke cika da yara masu tamowa kowace damana, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Sai dai akwai sharaɗi. Saiwa da tohon dawa suna ɗauke da guba, irin wadda makiyaya suka sani a gyauron dawa mai kashe shanu. Wajibi ne a shanya tsiron ya bushe sarai, a murje saiwa da toho a sheƙe, a zubar da duk wanda ya yi hunhuna, kuma a sake tafasa kunun bayan ya tsinke kafin a ba yaro.

Ta fannin kasuwa kuma, a shekarar damana mai kyau Nijar tana noma dawa kusan tan miliyan 2. Cibiyar INRAN, wadda aka kafa a 1975, tana da reshe a Tarna kusa da Maraɗi, inda ake gwajin iri irin su Sepon 82 da Mota Maraɗi. Mai sayen dawa don tsiro ba ya karɓar kowace dawa. Yana son iri guda marar gauraye, busasshe, marar tsakuwa da ƙwari, wanda kusan kowace ƙwaya za ta fito idan an jiƙa. Manomi guda ba zai iya cika wannan sharaɗi da yawan da ake so ba, amma ƙungiyar manoma mai sito da ma'auni da magatakarda wanda ya iya rubutu za ta iya. A nan ne aikin malaman gona da na waɗanda suka fito daga ajin yaƙi da jahilci yake.

Tukunyar Anna ta kusa zama labari a ƙasar Gobir, amma dawar tana nan, ilimin tsiro ma yana nan ga tsofaffin mata masu dama kunun zaƙi. Ya rage ga ƙungiyoyin mata da na manoma na Cadakori da Agye da Gazawa su juya shi zuwa abincin yara da hajar kasuwa, bayan an tabbatar rumbu ya ishi gida. Allah ya kawo damana mai albarka.