Kafanchan: Garin da Layin Dogo Ya Raina

Duk wanda ya tsaya a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan zai ga layin dogo ya rabu gida uku. Ɗaya ya nufi Kaduna ta Zonkwa, ɗaya ya haura Jos ta Kagoro da Manchok, na ukun kuma ya gangara kudu, ya bi ta Lafiya da Makurɗi da Inugu har ya dangana da bakin ruwa a Fatakwal. Ta wannan na ukun ne arzikin garin ya shigo.

Tushen labarin yana can ƙasar Ibo. A shekarar 1909 aka gano kwal a yankin Udi, kusa da Inugu, sai Turawan mulkin mallaka suka shiga neman gaɓar da za su riƙa fitar da shi. Haka aka kafa Fatakwal, aka raɗa mata sunan Lewis Harcourt, sakataren harkokin ƙasashen da Ingila ke mulka a lokacin. Layin dogo ya tashi daga can ya isa Inugu a 1916. Amma idon Turawa na kan wata dukiyar: kuzar da ake haƙowa a tsaunukan Jos. A wancan zamani ƙaramin jirgin da ke tsakanin Jos da Zariya ne ke ɗaukar ta, layinsa siriri, sai an sauke kaya an sake lodi a babban jirgi kafin a kama doguwar hanyar Legas.

Mafita ita ce a ja layin gabas, wato na Fatakwal da Inugu, zuwa Kaduna, a kuma cire masa reshe ya hau Jos. Wurin da aka zaɓa don rabuwar shi ne filin da ke gindin duwatsun Kagoro, ƙasar mutanen Fantswam, waɗanda daga sunansu bakin Bahaushe ya samo Kafanchan. A 1927 aka haɗe layukan. Aikin ya ci ƙarfin talakawa, domin da yawan leburorin da suka sare daji suka fasa dutse, ta hannun sarakuna aka ɗebo su, ba da son ransu ba. Kogin Binuwai kuwa ya ci gaba da tsare hanya: a kan jirgin ruwa ake haye da taragu a Makurɗi, har sai da aka buɗe gada a 1932.

Mahaɗa ta fi ƙaramar tasha hidima nesa ba kusa ba. Kan jirgi na wancan lokaci da tururi yake aiki, sai ya sha ruwa, an zuba masa kwal, an kwashe toka, kafin ya tunkari hawan Jos. A filin tashar ake kwance taragu ana sake jera su, na Kaduna daban, na Jos daban. Mai juya layi yana riƙe da ƙarfensa, mai tuta yana ɗaga kore ko ja, da dare kuma fitila ce ke magana. Kuskuren mutum ɗaya na iya sa tarago cike da kuza ya sauka daga kan layi.

Irin wannan aiki yana buƙatar hannu da yawa. Direbobi da makanikai da akawuna, galibinsu Ibo da Yarbawa, suka tare a gidajen reluwe. Hausawa 'yan kasuwa da 'yan dako suka biyo baya, mutanen Bajju da Atyap da Ham suka riƙa kawo amfanin gona, musamman citta, wadda Kudancin Kaduna ya yi suna da ita. Jirgi na tsayawa, masu talla sun yi wa tagogi caa da tire a ka. Garin ya bunƙasa har Sarkin Jama'a ya dawo da fadarsa nan a 1933. Da aka ja sabon layi daga Kuru, a kan reshen Jos, zuwa Bauchi da Gombe, ya isa Maiduguri a 1964, kayan arewa maso gabas su ma ta Kafanchan suka riƙa wucewa.

Daga nan al'amura suka fara ja da baya. Rikicin 1966 ya sa ɗimbin ma'aikata 'yan gabas suka koma gida, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya katse hanyar Fatakwal. Bayan yaƙi kuɗin man fetur ya shimfiɗa tituna, manyan motoci suka ƙwace dakon kaya, haƙar kuza ta yi sanyi, hukumar jiragen ƙasa kuma ta rasa kulawa. Sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 bai biyo ta Kafanchan ba.

A watan Maris na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin gyaran tsohon layin Fatakwal zuwa Maiduguri, wanda dole ya ratsa wannan mahaɗa. Manoman citta da ke biyan kuɗin tirela mai tsada zuwa tashar jiragen ruwa suna cikin waɗanda suka fi ƙosawa su sake jin kukan jirgi daga kudu.