Yadda A Ke Ɗinka Bargon Ƙyallaye

Ko wace shekara idan hunturu ya kama a nan kan tudu, sai in ga ɗalibai suna shigowa aji da safe a ƙudundune, hannu cikin hammata, leɓe duk ya tsage. In ka tambaya, sai a ce maka mayafin ɗaya ne, shi ma ya yi shara-shara. Waɗansu har su kan shiga ɗaki da kaskon gawayi, su rufe ƙofa da taga su kwanta. Wannan kuwa ganganci ne babba, gama garwashin gawayi yana fid da wata iska marar launi marar wari wadda ta ke kashe mutum cikin barci. Ga shi kuwa in ka bi ta layin teloli da la'asar, za ka tarar yaran shago suna share ƙyallayen atamfa da na shadda tuli guda, a kai juji a cinna musu wuta. Watau nan ana kwana da sanyi, can ana ƙone bargo. Shi ya sa na ga ya kamata in bayyana wa 'yan'uwana malamai da ɗalibai wata hanya ta ɗinka bargo da ƙyallaye, wadda na daɗe ina koyarwa a ajin sana'ar hannu.

Inda wannan sana'a ta fi ƙarfi shi ne Amurka. Matan ƙauyukan can, da ya ke suna da sanyi mai tsanani kuma tufafi na da tsada a zamanin dā, ba su yar da ko ɗan tsumma. Su kan tara tsofaffin riguna da ragowar yadi, su yanka, su harhaɗa, su sa auduga a tsakani, su ɗinke. A shekarun 1930, lokacin da talauci ya game ƙasar, har da buhunan gari su ke yi. Da masu sayar da garin suka lura, sai suka shiga buga furanni a jikin buhunan don mata su riƙa zaɓen nasu. Akwai wani ɗan ƙauye na baƙar fata a jihar Alabama, sunansa Gee's Bend, wanda matansa suka gaji wannan ɗinki tun daga kakanninsu bayi. A 2002 aka baje barguna nasu a gidan ajiye kayan zane na birnin Houston, a 2006 kuma gidan waya na Amurka ya buga hotunansu a kan sarki. Abin da aka ɗinka da tsohon wandon noma don yara su sami abin rufa, ga shi manyan gari suna layi su kalla.

Amma aikin da ya fi cin rai a dā shi ne yanka. Da almakashi a ke bin ko wane ƙyalle ɗaya ɗaya. A 1979 wani kamfani na Japan mai suna Olfa ya fito da wuƙa mai kamar faifai, wadda a ke turawa tana juyawa a jikin rula, ta yanke yadi ninki huɗu a tafiya guda. Daga baya kuma wani kamfanin yadi na Amurka, Moda, ya shiga sayar da yadin a yanke, a naɗe cikin ƙunshi guda da ya sa wa suna Jelly Roll, don ya yi kama da wani naɗaɗɗen kek nasu. A ko wane ƙunshi akwai dogayen ƙyallaye kamar 40, launi dabam dabam, faɗin ko wanne inci 2½, tsawonsa kuwa faɗin yadi, watau inci 40 da 'yan kai.

Ran da na fara ganin wannan ƙunshi, dariya na yi, na ce ashe zugu ne. Ai mu ba baƙin wannan abu ba ne. Masaƙanmu tun fil azal ƙwarya ƙwarya su ke saƙa, siririya doguwa, a naɗe ta, sa'an nan maɗinki ya jera ya haɗa ta zama riga ko zane ko gwado. Haka Yarabawa su ke yi da nasu saƙin. Zancen dama auduga a tsakanin tufa biyu kuwa, wanda ya taɓa ganin 'yan lifidi ran hawan salla ya ga irinsa. Saboda haka ni ma ƙwarya zan riƙa ce wa waɗannan dogayen ƙyallaye. Kuma ban ga dalilin da zai sa malamin makaranta ya aika ƙasar waje a sayo masa yankakken yadi ba. Yadi ɗaya inci 36 ne, yana ba da ƙwarya 14, yadi uku ya ba da 42. Ragowar shagon tela kuwa sau da yawa godiya kaɗai ce kuɗinsa.

To, ga sharaɗi na fari. Duk ƙyallayen su zama na auduga, kuma kaurinsu ya yi kusa da juna. In ka haɗa auduga da yadi mai roba, ran wankin fari auduga ta tsuke, mai roba ya ƙi, bargo ya yi ta tuƙuƙu. Wanke yadinka ka goge kafin ka yanka, ba bayan ka yanka ba, don ƙwarya siririya in ta shiga ruwa zare ne zai yi ta zamewa. Ja da shuɗi mai duhu kuwa, jiƙa su dabam cikin ruwan zafi tare da ɗan farin tsumma. In tsumman ya ɗauki launi, ajiye wannan ƙyalle, ba na bargo ba ne.

Wajen yanka, samo kwali mai kauri ka yanke shi faɗin inci 2½ daidai, shi ne ma'auninka. Shimfiɗa yadi a tebur, ja layi da alli daga wannan baki zuwa wancan, ka bi da almakashi mai kaifi. Yanke bakin yadin nan mai tauri ka yar, gama ba ya tsukewa daidai da sauran.

Yanzu ga inda aikin duka ya rataya. Ko wane ɗinki ya ci rubu'in inci daga baki, ba ƙari ba ragi. Da ya ke ko wace ƙwarya ana cin ta hagu da dama, mai inci 2½ za ta bayyana inci 2 cif. Kada ka ce ɗan ƙari ba kome. A ce hannunka ya saba cin kashi uku cikin takwas na inci, ƙwaryar za ta koma inci 1¾, in ka jera 32 kuwa ka yi hasarar inci 8, ƙafar mai barci ta fito waje. Ni na kan auna rubu'in inci daga allurar keke, in manna 'yar takarda mai kauri a wurin, bakin ƙyalle ya riƙa binta. Wanda ba shi da keke ya ja layi da fensir, ya yi ɗinkin hannu ƙanana, yana yi yana komawa baya ɗaya.

Hanya mafi sauƙi, wadda na kan fara da ita da 'yan aji ɗaya, ita ce wannan. Zuba ƙwarya 40 cikin kwando ka cuɗe su. Ɗauko biyu, haɗa ƙarshen wannan da farkon waccan, fuska na duban fuska, ka ɗinke. Ci gaba da haka har su ƙare, kada ka tsaya zaɓe, sai dai in launi ɗaya ya biyo kansa. Za ka sami igiya guda mai tsawon inci 1,600, watau yadi 44 da ɗoriya. Yanke kamar inci 18 daga farkonta ka ajiye, don kada mahaɗai su zo su jeru wuri ɗaya. In gajerun ƙyallayen tela ne ka harhaɗa, ba sai ka yi wannan ba, tsawon dai ya cika.

Sa'an nan nemo kan igiyar da wutsiyarta ka haɗa, fuska na duban fuska, ka ɗinke gefe ɗaya tun daga nan har ka isa lanƙwasa. Wannan shi ne ɗinki mai gajiyarwa, zaren ƙasa ma ya kan ƙare a hanya. Kusa da lanƙwasar za ka ga ta murɗe, kada ka damu, sa almakashi ka raba. Buɗe. Yanzu kana da ƙwarya 2 a jere, tsawo inci 800. Sake haɗa kai da wutsiya: 4, tsawo 400. Sake: 8, tsawo 200. Sake: 16, tsawo 100. Na biyar ya ba ka 32, tsawo 50. Ƙwarya 32 sau inci 2 ya zama 64. Ga fuskar bargo ta fito, inci 50 da 64, daidai gadon ɗalibi.

Ina roƙon waɗanda za su fita koyarwa su lura da wannan lissafi. Na sha ganin yaro wanda in ka rubuta masa ninki da rabi a allo sai ya yi ta zare ido, amma da ya ga faɗi na ninkuwa tsawo na raguwa a hannunsa, kafin a yi ɗinki na huɗu shi ne zai gaya maka abin da zai fito. Darasin awo, da na ɓangare, da na fili, duk suna cikin bargon nan, ba ka sayi littafi ba.

Bari in faɗi nawa kuskuren. Bargona na fari jera ƙwaryar na yi gefe da gefe, ina fara ko wane ɗinki daga kai ɗaya. Da na ɗaga sai na ga ya tanƙware kamar lauje. Na zargi keken, na zargi yadin, alhali laifina ne. Haƙoran keke sun fi jan ƙyallen ƙasa bisa na sama, kaɗan kaɗan, in kuwa kullum daga kai ɗaya ka ke farawa sai bambancin ya taru. Maganinsa, wannan ɗinki daga sama, na gaba daga ƙasa, kuma kada ka ja ƙyalle, bar shi ya tafi da kansa. Guga ma haka. Kwantar da bakin ɗinki wajen ƙyalle mai duhu don kada ya nuna ta cikin mai haske, ka ɗora dutsen guga ka ɗaga, ban da gurzawa.

Wanda hannunsa ya faɗa sai ya gwada wani zubi da Amurkawa ke kira bukkar gungume, wanda ya yaɗu a zamanin yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865. A kan fara da ɗan ƙyalle murabba'i, inci 2½ ko wane gefe, galibi ja, wai shi ne murhun gida. Sai a riƙa ɗinka masa ƙwarya ana kewayawa, a ɗinka a yanke abin da ya yi saura, gefe biyu masu haske, gefe biyu masu duhu. Kewaye uku ya ba da gida mai inci 14. Gida 20, huɗu a faɗi biyar a tsawo, ya ba da inci 56 da 70. Kyaun wannan zubi ba a furannin atamfa ya ke ba, a bambancin haske da duhu ya ke. In kana shakkar wani ƙyalle, tsaya nesa ka kanne ido ka dube shi.

Saura haɗawa. Shimfiɗa yadin baya a ƙasa mai tsabta, fuskarsa na duban ƙasa, ya fi na sama da inci 3 ko wane gefe. Ɗora abin ciki. Tsohon bargo da ya sha jiki ya fi kome sauƙi, in babu kuwa auduga wadda aka gurza aka shiɓa. Ɗora fuskar a kai, ka kafe uku ɗin da dogon ɗinki na wucin gadi, kana farawa daga tsakiya zuwa baki, don in akwai tattara ta fita waje. Sa'an nan ka bi layin ƙwarya da ɗinki na sosai, allura na ratsa duka uku. In tsohon bargo ne a ciki, tazarar tafin hannu ta isa. In sakakkiyar auduga ce, kada ta wuce inci 2, in ba haka ba ran wanki za ta dunƙule a kusurwa. Wanda ya ƙosa ya iya ɗaure shi kurum da zare mai kauri, ƙulli a ko wane inci 4.

Daga nan daidaita bakin da almakashi. Kewayen bargo mai inci 50 da 64 inci 228 ne, saboda haka ƙwarya 6 ta isa baki. Haɗa su, ninka biyu a tsawo ka goge, ɗinka a fuskar bargo, ka juya baya ka kalmashe da hannu. Zare dogon ɗinkin nan na wucin gadi. Wankin fari a yi shi da ruwan sanyi, a matse a hankali ban da murɗawa, a shanya a inuwa bisa igiya biyu don nauyin ruwa kada ya ja ɗinkin.

Wannan zango 'yan ajina sun kasu mutum huɗu huɗu, ɗaya na yanka, ɗaya na kan keke, ɗaya na guga, ɗaya na awo, ana juyawa. Mai son shiga ya zo da kwalinsa na inci 2½ da ƙyallayen da ya roƙo, a wanke a goge.